Soron Boɗinga da Fadar Alhamra

Kun taso kuna jin cewa Baffanku Arzika ya kwashe iyalinsa ya koma Dandin Mahe, ya bar Inna, kakarku, ita kaɗai a tsohon gida har soro ya faɗo mata. Ban taɓa faɗa muku haka da bakina ba. Amma an sha faɗa a gabana ban gyara ba, kuma ina ganin irin gaisuwar da kuke yi masa a wurin suna da zaman makoki, gaisuwar da ba ta wuce leɓe. Yanzu na haura saba'in, idona na hagu ya fara hazo. Gara in rubuta yadda abin ya faru tun ina iya ganin layin takarda.

Gidan nan na Boɗinga kakana ne ya gina shi, mahaifin Baba. Magini ne, kuma a zamaninsa har daga Sifawa da Shagari ake aikowa a ɗauke shi aiki. Da ya zo gina nasa sai ya zuba duk abin da ya sani. Zauren yana da bakan gizo biyu, wato ginshiƙai masu lanƙwasa da ke riƙe rufi, da suka gitta juna, soron ciki kuma ɗaurin guga ne, wato rufin da ke tashi sama kamar an kife ƙwarya, an jera azara a cikinsa ɗaya bisa ɗaya. A bangon gabas ya yi zane da yatsunsa tun ƙasar tana ɗanya. Muna yara mukan sa namu yatsun a cikin sawun nasa mu ga wa ya kusa cika shi. Da zafin bazara, in ka shiga soron nan sai ka ji kamar ka shiga randa.

Bayan rasuwar Baba gidan ya zama namu mu biyu, ni da Arzika, don 'yan'uwanmu mata sun ce sun bar mana. Ni malamin gona ne a ƙaramar hukuma, na daɗe da gina gidan siminti a bakin hanyar Sakkwato, inda aka haifi yawancinku. Arzika shi ne ya zauna a tsohon gida da matarsa Kulu da 'ya'yansu biyar, yana noman gero da damina, albasa da rani. Inna tana cikin soro, ɗakin da Baba ya cika a ciki. Gidan ƙasa kuwa kowace shekara yana son yaɓe kafin ruwa ya sauka. A da wannan ba wani abu ba ne. Amma maginan da suka iya aikin sun yi ta mutuwa har ya rage saura tsoho Dikko, kuma makuba da ake shafa wa bango don kada ruwa ya ci shi ta yi wuyar samu, tunda an sare yawancin ɗorawar da ke dajinmu. Damina uku a jere Kulu tana jera kwanoni a tsakar ɗaki tana tarar yoyo. Don haka muka zauna, ni da Arzika da Inna, muka yanke cewa in an cire albasar shekara mai zuwa za a rushe gidan a tayar da na bulo da kwano. Ni da kaina na ce haka ya fi. Ina so ku riƙe wannan.

A shekarar da nake magana saura mini shekara biyu in yi ritaya. Wata ƙungiya ta ƙasashen waje da ke aiki da manoman albasa ta ɗauki mu goma sha huɗu daga jihohin Arewa zuwa kudancin Sifaniya, mu ga yadda suke ban-ruwa da siririyar roba mai ɗiga a gindin shuka, da yadda suke adana albasa ba ta ruɓe ba. Daga yankinmu mu biyu ne, ni da Alhaji Mode na Horo Birni. Manomi ne kuma makiyayi, ya girme ni da kusan shekara goma, bai yi boko ba, amma babu mai fitar da albasa kamarsa a ƙasar Shagari. Aka haɗa mu ɗaki ɗaya a otal, na zama tafintansa. Kwana tara muna yawon gonaki da ɗakunan ajiya. A rana ta goma masu masaukinmu suka ce yau babu aiki, za a kai mu mu ga fadar sarakunan Musulmi da suka mulki ƙasar a da, a birnin Garnada, wadda ake kira Alhamra.

Muka shiga bas bayan sallar asuba. Tafiyar ta kai awa biyu. Da farko gonakin da aka lulluɓe da farar leda ne hagu da dama har iyakar gani, daga nan hanya ta fara hawa, sai itatuwan zaitun a jere kan tuddai, can bayansu duwatsu masu farin abu a ka. Alhaji Mode ya tambaye ni ko gishiri ne. Na ce ƙanƙara ce. Ya daɗe yana dubanta, ya ce ashe ga inda ruwansu yake kwana.

A bakin ƙofa aka duba fasfo ɗinmu da tikiti, aka ba kowa 'yar na'ura ya maƙala a kunne. Mai yi mana jagora wani Balarabe ne haifaffen Maroko, sunansa Yusuf, mutum siriri mai furfura a gemu. Yana riƙe da lema ja a ɗage ko da babu ruwa, don mu riƙa hango shi cikin jama'a. Jama'a kuwa kamar ranar kasuwa, kowace irin fata da kowane irin harshe. Da Turanci yake bayani, ni kuma ina juya wa Alhaji Mode. Kafin mu shiga ya tsayar da mu a gindin wata doguwar ganuwa ja, ya ce daga jan nan wurin ya samo sunansa. Sannan ya ce mu dubi bangon da kyau. Ya ce yawancinsa ba dutse ba ne. Ƙasa ce aka cakuɗa da tsakuwa da farar ƙasa, aka zuba tsakanin katakai aka daddaka, aka ɗaga katakan aka sake zubawa, har ya kai inda muke gani. Ya ce ta haura shekara ɗari shida a tsaye.

Na matsa kusa na duba. Ƙasa ce kuwa. Har ramukan da sandunan katakon suka bari suna nan a jere. Ban juya wa Alhaji Mode wannan ba sai da ya taɓa ni, don hankalina ya riga ya tafi Boɗinga.

Abin da ke ciki ba zan iya kwatanta muku shi yadda yake ba, kuma kun ga hotunan. Akwai wani tsakar gida mai doguwar tafki a tsakiya, ruwan a kwance ko motsi ba ya yi, ginin duka yana ciki a kife. Akwai wani mai zakuna goma sha biyu na dutse suna ɗauke da babban daro a bayansu, ruwa na fita daga bakunansu yana bin ƙananan magudanai zuwa cikin ɗakuna huɗu. Bangaye daga tsayin ƙirji zuwa sama duk sassaƙa ne, ganye da taurari da rubutun Larabci, babu inda za ka ɗora tafin hannu ba ka rufe wani zane ba. Na iya karanta wasu, ambaton Allah ne da yabon sarki. A wani ɗaki Yusuf ya ce mu ɗaga kai. Rufin ya tashi sama a zagaye, an yi masa ƙananan ramuka dubbai kamar saƙar zuma, haske na shigowa ta tagogi a ƙarƙashinsa. Wani ɗan Kano da ke cikinmu ya fara share hawaye, yana cewa dubi abin da Musulmi suka rasa. Ni ban yi kuka ba. Ina tsaye ina lissafin yadda aka ɗora nauyin rufin kan bango, ina ganin dabara ɗaya ce da ta kakana, sai dai su sun fi shi dukiya da ma'aikata.

Daga nan muka bi ta wani lungu da aka kange rabinsa da igiya. A ciki an kafa ƙarafa har sama, wata mata sanye da farar riga tana zaune a kai da fitila a goshi. Sirinji ne a hannunta, irin na asibiti, tana ɗura wani abu a cikin tsagar bango a hankali. Kusa da ita wani yana share sassaƙa da burushi ƙarami kamar na goge baki. Alhaji Mode ya tsaya.

"Malam, tambaye shi, wa ka kwana cikin gidan ga?"

Na tambaya. Yusuf ya yi murmushi ya ce babu kowa, an daɗe rabon da wani ya kwana a ɗakunan nan. In yamma ta yi ana fitar da kowa a kulle.

"To wa ka yi mai yaɓe?"

Yusuf ya nuna matar. Ya ce irinta suna da yawa, kuma babu ranar da ba a gyara a wani sashe, shekara ta zagayo ta same su a kai. Hukuma ce ke ɗauke da su, da abin da masu kallo ke biya a ƙofa. Ya ce akwai lokacin da aka yi watsi da wurin, rufi ya yi ta faɗuwa, mabarata da matafiya suna hura wuta a ɗakunan sarki. Ya ce in aka janye ma'aikatan nan na 'yan shekaru, abin da muke gani zai fara zubewa.

Ni na juya wannan maganar zuwa Hausa, kalma bayan kalma. Ba zan iya cewa ban ji ba.

Alhaji Mode ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe ba gida na ba. Abin kallo na. Ni dai in ɗakin da nika kwana yat tsage, ba ni jiran mai allura."

Aka yi dariya, har da ni.

Bayan mun ci abincin rana aka hau da mu lambun sarakunan, a kan wani tudu daura da fadar. Lemo da rumman da furanni, an datse shingaye sun miƙe kamar bango, ko'ina ka juya ƙarar ruwa. Akwai matakala da ruwa ke gangarowa ta kan hannuwanta biyu, kana hawa kana tsoma yatsu. Yusuf ya ce tun asali babu inji. Daga can saman kogi aka tare ruwan aka biyo da shi ta gefen dutse, da gangare kaɗan kaɗan, har ya iso nan. Wannan ne ya kama Alhaji Mode. Ya tsuguna a bakin magudanar da babbar rigarsa, ya jefa ganye ya bi shi da ido, ya sa na tambayi yadda ake raba ruwan in ya zo mararraba. Da ya koma gida ya gyara kwalbatin fadamarsa a kan abin da ya gani, ya rage wahalar injinsa. A cikinmu biyu shi ne ya ɗauko abin da ya yi amfani.

A bas, kan hanyar komawa, kowa ya yi barci ban da ni. Ina ta tunanin cewa mutane sun tsallako teku suna layi don su ga bangon ƙasa, mu kuwa muna da namu za mu sa masa diga. Wannan tunanin ba laifi ba ne, har yau ban ga laifinsa ba. Amma akwai wani a ƙarƙashinsa, shi ne nake so ku sani. Na hango ɗalibai daga jami'a suna sauka a ƙofar gidanmu, na hango baƙin da ke zuwa ziyarar wuraren tarihi a Sifawa suna ratsowa ta Boɗinga. Na hango allo a bakin zaure da sunan kakana, da nawa a ƙasansa, mutumin da ya hana a rushe. Shekara talatin da uku ina aikin gwamnati, ban bar abin da za a nuna a ce nawa ne ba. Kafin bas ya iso otal na gama yanke shawara a kan gidan da ba ni nake kwana a cikinsa ba.

Na dawo a tsakiyar bazara. Arzika ya riga ya cire albasa, ya buga bulo ya jera a bayan gida, yashi a tare a ƙofa. Ya yi magana da leburori za su fara ranar Asabar, yana so a ɗora kwano kafin ruwan fari. Ranar Alhamis bayan la'asar na je na same su, na ce a kira Inna zaure. Na fito da waya ina nuna musu hotuna. Kulu ta leƙo daga bakin ƙofa ta ce wurin ya yi kyau, ta tambaya wa ke share shi. Da na gama na ce na fasa, ba za a rushe gidan ba.

Arzika mutum ne mai jinkirin magana tun yana yaro.

"Yaya, ai mun gama maganag ga tun bara."

"Na ga abin da ban gani ba a lokacin."

"Kai kag gani. Mu muka kwana ciki."

Na ce gyaran duk shekara ya dawo wuyana, ba zai sake sa hannu ba. Ya ce ba hannu ne damuwarsa ba, bangon ne ya tsufa, ruwa ya shige shi ta ƙasa. Ya ce to a bar zauren, tunda shi ne a bakin hanya, a sauke soron da ɗakunan ciki. Magana ce ta hankali. Na ƙi, don ɗaurin gugar yana soron, kuma shi nake so a zo a gani. Ya ce in haka ne mu yi musanya, in dawo nan da iyalina shi ya koma nawa. Na ce ba a yi wa babba irin wannan maganar.

Inna ba ta kama sunana, ni ne ɗanta na fari. Tun da na fara aiki take ce mini Ma'aikaci. Tana zaune a kan tabarma tana jan carbi har muka yi shiru.

"Ma'aikaci, surukina ya gina soron ga don mutane su kwana. Ban ji yac ce a zo a duba ba." Ta dube ni. "Amma kai a babba. Abin da kac ce shi za a yi."

Na gaya musu tsayin ganuwar da shekarunta da yawan masu kallo. Ban gaya musu matar da ke kan ƙarafa da sirinji ba, ban gaya musu abin da Yusuf ya amsa wa Alhaji Mode ba. Da na koma gida mahaifiyarku ta ce mini abin da Arzika ya nema ba rashin kunya ba ne, in har ina son gidan haka ita a shirye take ta koma. Na ce mata maganar gado ba ta mata ba ce. Ba ta sake tayar da ita ba.

Bayan kwana goma Arzika ya tashi. Yayan Kulu ya ba shi fili da gefen fadama a Dandin Mahe, can ƙasar Shagari. Kwana biyu ana jigilar bulonsa da kurar shanu da wata tsohuwar tifa. Sau uku, a gabana, ya durƙusa ya roƙi Inna ta bi shi. Ta ce ba za ta bar ɗakin da mijinta ya cika ta je ta zauna garin surukan ɗanta ba. Ni ma na ce ta dawo wurina, sau ɗaya na faɗa, da ta ƙi ban nanata ba. Na san gidan ƙasa ya fi daɗewa in ana hura wuta a cikinsa ana buɗe ƙofa, kuma zamanta ya yi mini daidai. Na samo wata bazawara a maƙwabta tana taya ta kwana da girki. Arzika kuwa duk Juma'a yana zuwa a kan babur da gero da man shanu. In ya tarar da ni sai ya gaishe ni ya wuce ciki.

Shekarar farko na cika alkawari. Na ɗauko tsoho Dikko, muka nemo makuba har daga ƙasar Yabo, aka yi yaɓe mai kyau, aka gyara indararo. Na rubuta wasiƙu zuwa ofisoshi a Sakkwato. Wani jami'i ya zo sau ɗaya ya ɗauki hotuna, ya ci tuwo, ya ce za mu ji daga gare su. Ɗalibai ba su zo ba. A shekara ta biyu Dikko ya rasu. Samarin da na samu ba su san aikin ƙasa ba, suka shafa siminti a kan tsagogin, ya yi kyau a ido. Ban san cewa siminti a kan ƙasa yana riƙe ruwa a ciki ba, bangon yana jiƙa ta baya ba a gani. A shekara ta uku na yi ritaya, na buɗe gonar mangwaro a hanyar Sifawa, hankalina ya koma can. Na ce za a yi yaɓe bayan sallah. Ruwa ya riga sallah sauka.

A watan Agusta aka kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. A rana ta uku, bayan azahar, Inna tana zaune a kan buzunta ba ta tashi daga sallah ba, kusurwar gabas ta soron ta zauna, rufin ya biyo ta. Bazawarar tana madafa, ita ta yi kururuwa. Maƙwabta suka tono Inna da fartanya da hannu. Azara biyu da suka gitta a kanta su suka hana ƙasar danne ta gaba ɗaya, amma ɗaya ta sauka a ƙugunta. Ina gona a ƙarƙashin rumfa ina jiran ruwa ya tsagaita aka kira ni a waya.

A asibiti a Sakkwato Arzika ya iso jiƙe sharkaf, ya zo a babur cikin ruwan. Ya dube ni, ya shige wurinta. Mako biyar muna karɓa-karɓar jinya, maganarmu ba ta wuce ta magani da abinci ba. Likita ya ce a shekarunta ƙashin ba zai haɗu yadda za ta taka ba. Ranar da aka sallame ta Arzika ya zo da mota, ya ɗauke ta a hannunsa ya kwantar a kujerar baya, ya ce wa direba Dandin Mahe. Bai tambaye ni ba, ita ma bai tambaye ta ba, kuma babu wanda ya ce a'a.

Ta yi shekara biyu da 'yan watanni a kwance a ɗakin bulon da ya gina. Kulu ce ke yi mata wanka, ke juya ta, ke kwashe abin da ya kamata a kwashe. A lokacin ne maganar ta fara yawo a Boɗinga, cewa ƙaramin ya gudu ya bar uwarsa a kango, da abin ya faru kunya ta sa ya ɗauke ta. Mutane sun ga ni ne nake yaɓe, ni ne nake kawo magina, sai suka ɗauka ni ne na tsaya mata. Na farko da ya faɗa a gabana a masallaci ne, na ce Allah dai ya kyauta. Daga ranar shiru ya yi mini sauƙi. Arzika ya ji maganar, don babu abin da ake faɗa a Boɗinga bai isa Shagari ba. Bai taɓa musawa ba.

Inna ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Sau ɗaya na zauna a bakin gadonta na fara cewa ta yafe mini. Ban kai ƙarshe ba ta katse ni.

"Ma'aikaci, miƙo min butag ga."

Na miƙa mata. Ta yi alwala a kwance, Kulu na tare ruwan da kwano. Ban sake samun bakin farawa ba har ta rasu.

Sauran gidan ni na sa aka sauke shi, har zauren, bayan arba'in ɗinta. Filin yana nan yadda kuka san shi, awakin unguwa na kwana a ciki. Ba na jin haushin Alhamra. Wuri ne mai kyau, ban taɓa ganin irinsa ba, kuma mutumin da ya zagaya da mu bai ɓoye mana komai ba.

Watan jiya na sa aka kai ni Dandin Mahe. Na tarar da Arzika a rumfar albasa yana tsince ruɓaɓɓu, shi ma gemunsa ya yi fari fat. Ya shimfiɗa mini buhu na zauna. Bayan gaisuwa na ce masa zan rubuta muku yadda abin ya faru, duka, kuma na zo neman gafararsa a kan shekarun da na bari ana zaginsa. Ya ci gaba da tsintar albasarsa.

"Ni na yahe tun da daɗewa, Yaya. Amma in za ka rubuta, rubuta da nawa."

Na ce ba shi da nasa a ciki.

"Akwai. Juma'ad da ta gabaci ruwan nan na shiga soron, na ga gara ta ci gindin azara wajen gabas. Na sa yatsa yan nutse. Na hito zan biya in gaya maka, sai nic ce a raina, ai shi yac ce gyara na wuyanai, shi zo shi gani da idonai. Na hau babur na tahi gida."

Ya jefa wata ruɓaɓɓiya a kwando.

"Shi ya sa ban taɓa musa abin da aka hwaɗi ba."

Na ce masa wannan ba zan rubuta ba, babu wanda ya sani, babu amfanin a sani. Ya ce in ban sa ba to kada in rubuta komai, don 'ya'yansa ma za su karanta, kuma ba ya so su ɗauke shi abin da bai kai ba. Muka zauna har aka kira la'asar, ya kama hannuna ya tayar da ni, muka tafi masallaci tare.

To ga shi na sa, kamar yadda ya nema. Shi nasa fushin mako guda ne. Ni ne babba, ni na hana a rushe, kuma ni na san abin da aka faɗa mini a gindin ƙarafan nan na zo gida na rage shi. In kun je gaishe shi, ku fara shiga wurin Kulu.